Noman Bishiyar Kirsimeti a Duwatsun North Carolina: Asalin Sana'ar da Inda Kuɗin Yake

Tambaya: Malam, barka da aiki. Duk ƙarshen shekara nakan ga a talabijin ana loda bishiyoyin Kirsimeti cikin manyan motoci a Amurka. Mu nan na roba muka saba gani a kantuna da majami'u. Wani ya ce mini waɗancan ɗin a gona ake noma su. Da gaske ne? A ina ake yi, yaushe aka fara, kuma ta yaya mutum zai ci abinci da bishiyar da ba ta ba da 'ya'ya, ba a yin katako da ita, bayan 'yan makonni kuma a jefar?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Kusan duk ɗanyar bishiyar Kirsimetin da ake sayarwa a Amurka yau daga gona take fitowa, ba daga daji ba. A ƙidayar noma da ma'aikatar gona ta ƙasar ta yi a 2017, an sare bishiya wajen miliyan 15 a shekarar. Jihar Oregon ce ta farko da kusan miliyan 4.7, North Carolina na bi mata da kusan miliyan 4, sai Michigan da miliyan ɗaya da rabi. Zan tsaya a kan North Carolina, don a can ne aka fi ganin yadda sana'ar take aiki, kuma yanki ne ɗan ƙarami: 'yan gundumomi a kan duwatsun Appalachia, a kusurwar arewa maso yammacin jihar, wato Ashe da Alleghany da Avery da Watauga, sai Jackson can kudu da su. Gonakin gaba ɗaya sun ɗan haura eka 30,000. Ashe ce kan gaba, kuma a wasu ƙidayoyin ita ce ta ɗaya a duk gundumomin Amurka.

Al'adar kanta daga Jamus ta fito, tun ƙarni na 16. A 1848 wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Albert, wanda Bajamushe ne, suna tsaye da 'ya'yansu gefen bishiyar da aka ƙawata, daga nan masu hali a Ingila da Amurka suka ɗauka. Da farko daji ake shiga a saro. Gonar farko da aka sani a Amurka ita ce ta W. V. McGalliard, wanda ya dasa bishiya 25,000 kusa da Trenton a jihar New Jersey a 1901. Shugaba Franklin Roosevelt ma ya noma su a filinsa na Hyde Park. Amma duk wannan a arewacin ƙasar ne. Mutanen duwatsun North Carolina ba su shiga harkar ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Abin da ya shigar da su wata bishiya ce da Allah ya ajiye musu a kan tsaunukansu, wadda ake kira Fraser fir, da sunan John Fraser, wani masanin tsirrai ɗan Scotland da ya yi yawon tattara tsirrai a yankin a ƙarshen ƙarni na 18. Ba ta fitowa da kanta ko'ina a duniya sai kan tsaunuka masu tsayi na yammacin North Carolina, gabashin Tennessee da kudu maso yammacin Virginia, galibi daga mita 1,200 zuwa sama, irin su tsaunin Roan da tsaunin Mitchell, wanda tsayinsa mita 2,037 ne kuma shi ne mafi tsayi a gabas da kogin Mississippi. Ganyenta sirara ne masu laushi, ba sa sukar hannu, samansu kore shar, ƙasansu fari-fari kamar azurfa. Tana da ƙamshi, rassanta suna ɗaukar kayan ado ba su lanƙwashe ba. Amma a wurin ɗan kasuwa, babbar darajarta ita ce ganyen ba ya saurin zuba bayan an sare ta. Bishiyar da za a sare a farkon Nuwamba, ta yi kwanaki a tirela, ta yi makonni a filin sayarwa a Florida ko Texas, sannan ta yi wata guda a falo mai ɗumi ba ta zama tsintsiya ba, ita ce za a iya kai wa kasuwa mai nisa. Da ba don wannan halin nata ba, da sana'ar ta tsaya a cinikin gefen hanya.

Su kuwa manoman yankin, kafin bishiyar, abin da suke yi shi ne noman kabeji da wake da 'yar taba, da kiwon shanu a gangare. Ƙasa ce mai tudu da kwari, sanyi yana zuwa da wuri ya daɗe, ba filin da babbar tarakta za ta yi juyi. Matasa suna ta ƙaura zuwa masana'antu. A shekarun 1950 wasu suka fara saro Fraser daga tsaunin Roan suna sayarwa, wasu kuma suka riƙa tumɓuko ƙananan da suka tsiro a ƙarƙashin manya suna dasawa a gonakinsu. Sai aka ga ashe tana yi a ƙasa da inda take fitowa da kanta, daga mita 900 zuwa sama. Malaman gona na Jami'ar Jihar North Carolina da jami'an gandun daji suka shigo da gwaje-gwajen taki da tazarar dashe da yadda ake aski. A 1959 manoman suka kafa ƙungiyarsu. A 1971, zamanin Shugaba Nixon, aka zaɓi bishiya daga gundumar Avery don ƙawata fadar White House, kuma wannan ya yi wa Fraser tallar da kuɗi ba zai saya ba. Tun daga nan babu jihar da ta kai North Carolina yawan samun wannan zaɓen. Taba kuma ta ci gaba da ja da baya, har a 2004 gwamnatin tarayya ta soke tsarin kason noman taba da tallafin farashinta ta biya manoma diyya, wasu ƙarin filaye suka koma na bishiya. Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na bishiyar Kirsimetin jihar Fraser ce.

Wani abin mamaki ya faru a daidai lokacin da ake fara noman. A 1957 aka gano wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ruwan bishiya a tsaunin Mitchell, wanda asalinsa daga Turai yake. Cikin shekarun da suka biyo baya ya kashe mafi yawan manyan Fraser na daji, har yanzu in ka hau tsaunin za ka ga busassun kututture a tsaye. Yanzu bishiyar tana cikin jerin masu fuskantar barazanar ƙarewa a muhallinta na asali, alhali miliyoyinta na jere a gonaki a ƙasan dutsen.

To, ga inda nake so ka fi mai da hankali, don duk sirrin kasuwar nan a lissafin shekaru yake. A tsarin da aka daɗe ana bi, iri yakan yi shekara uku a kwamin raino, a cire shi a mayar wani kwamin ya ƙara shekara biyu. Bayan shekara biyar ɗin nan tsayinsa bai wuce ƙafa ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Sannan a kai shi gona. A gona yakan ƙara kamar ƙafa ɗaya a shekara, don haka kafin ya kai ƙafa shida zuwa bakwai, tsayin da yawancin gidaje ke nema, sai an yi shekara bakwai zuwa goma. Daga iri zuwa sara, shekara goma sha biyu zuwa sha biyar ke nan. Yawancin manoma dashen suke saya, ba su suke rainon ba, amma ko da haka kuɗinsu zai kwanta kusan shekara takwas ba a ga ko sisi ba. In an bar ƙafa biyar tsakanin bishiya da bishiya ta kowane ɓangare, eka ɗaya tana ɗaukar wajen 1,700, kafin a cire hanyoyin mota. Ba duka za su kai kasuwa ba: wasu su mutu, wasu barewa ta cinye musu kai, wasu su karkace.

Kuma shekarun nan ba na zama ba ne. Fraser da aka bari ta girma yadda ta ga dama ba ta yin surar dalar nan mai cika da kake gani a talabijin. Hannu ne ke yin ta. Kowace shekara, daga wajen Yuli, ma'aikata suna bin bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya da doguwar wuƙa mai kaifi suna yi musu aski, suna rage tsinin sama don kada ya yi tsawo ya bar giɓi. Ana sa taki bisa gwajin ƙasa, ana duba ƙwari, ana kula da ciyawa. A da ana kashe ciyawar ƙarƙaf, sai aka ga ruwan sama yana wanke gangaren. Yanzu da yawa suna barin wata gajeriyar ciyawa mai ƙara wa ƙasa ƙarfi ta rufe tsakanin layuka, a fesa mata magani kaɗan don kada ta yi tsawo. Manomi mai hankali ba ya dasa gonarsa duka a shekara ɗaya. Yakan raba ta kashi-kashi, bana nan, baɗi can, don kowace shekara ya sami abin sara. Shi ya sa shiga sana'ar ke da wuya ga wanda ba gado ya yi ba: wanda ya gaji gona ya tarar da zagayen yana tafiya, sabon shiga kuwa sai ya ciyar da gona shekaru da kuɗin da ya samo daga wani wuri. Dokar harajin Amurka ma ta san da wannan, don tana ɗaukar bishiyar da ta haura shekara shida kafin a sare ta a matsayin itacen katako, abin da ke sauƙaƙa wa manomi haraji a kan ribar.

Ciniki yana farawa tun ana zafi. Manomi yana zagaya gona yana ɗaura wa kowace bishiyar da ta isa ƙyalle mai launi, launin yana nuna tsayinta da darajarta, don akwai ma'aunin gwamnati: ta musamman, lamba ɗaya, lamba biyu. 'Yan sari sukan zo su gani da idonsu, a yi ciniki, a ba da kafin alƙalami. Sara yana farawa a farkon Nuwamba. A yanke da zarto mai inji, a jawo ta bakin hanya, a tura ta cikin injin da ke matse rassa ya naɗe ta da igiya, a jingine ta a inuwa ana yayyafa ruwa har mota ta zo. Dole kaya su isa kasuwa kafin bikin godiya na Amurkawa, wanda ake yi ranar Alhamis ta huɗu a Nuwamba, don daga washegarinsa ake fara saye gadan-gadan. A Oregon manyan gonaki har da jirgi mai saukar ungulu suke kwashe bishiyoyin daga gona. A North Carolina akasari ƙarfin mutum ne da ƙananan motoci a kan gangare mai santsi. Aikin shekara goma ana sayar da shi cikin mako huɗu zuwa biyar. Wanda ya taɓa kiwon ragon layya ya san wannan yanayin, sai dai shi ragon da ya yi kwantai ana iya mayar da shi gida a ci gaba da ba shi dusa. Bishiyar da aka sare ba ta komawa gona. Ranar 26 ga Disamba sai dai a niƙa ta a yi taki.

Masu wannan aikin fa? Mafi yawansu 'yan ci-rani ne daga Meziko da Amurka ta Tsakiya, da yawa a kan bizar aikin gona ta wucin gadi mai suna H-2A. A tsarin bizar, mai gona ne ke ba da masauki da kuɗin mota, kuma gwamnati ce ke yanke mafi ƙarancin abin da za a biya a awa. Ƙwadago shi ne babban abin da ke cin kuɗin manomi, kuma har yau ba a sami injin da zai yi askin Fraser a kan gangare yadda gogaggen hannu ke yi ba. A ganina, duk wanda ya ba ka tarihin sana'ar nan ya tsaya a kan iyalan da suka mallaki gonaki bai ambaci waɗannan mutane ba, rabin labari ya ba ka.

Hanyoyin sayarwa uku ne, kuma ribarsu ta bambanta ƙwarai. Manyan gonaki suna sayar da dubban ɗaruruwa ga manyan kantuna irin su Home Depot da Lowe's. Nan ribar kowace bishiya kaɗan ce, yawa ne ke rufewa, kuma mai kanti ne ke da bakin magana a kan farashi. Matsakaita suna sayar wa masu filayen sayarwa na wucin gadi a birane, da majami'u da ƙungiyoyin matasa masu neman kuɗin gudanarwa. Wasu ma su ɗauki kayansu da kansu su kafa rumfa a Charlotte ko Atlanta, su cinye ribar dillali. Ƙananan kuwa sun gano cewa ba bishiya kawai ake saye ba. Suna buɗe gona iyalai su zo daga birni, su zaɓi tasu, a sare musu a gabansu, yara su hau keken tarakta, a sha abin zafi, a ɗauki hoto. Farashin nan ya fi na sari nesa ba kusa ba, kuma otal-otal da gidajen abinci na garuruwa irin su Boone da West Jefferson suna samun nasu rabon. Bishiyar da ta lalace ma ba ta tafiya a banza: a sassare rassanta a saƙa zoben ganyen da ake ratayewa a ƙofa, wanda kansa sana'a ce ta mata da yawa a yankin a watan Nuwamba.

Yanzu ka haɗa tsawon shekarun nan da halin ɗan Adam. In farashi ya yi kyau kowa sai ya dasa, kuma ba wanda zai ga sakamakon sai bayan shekara takwas, lokacin da bishiyoyin kowa za su isa tare. Haka aka yi a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000: aka dasa da yawa, suka isa sara daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 2008. Kaya suka yi yawa, masu saye suka tsuke aljihu, farashi ya faɗi har wasu suna sayarwa ƙasa da abin da suka kashe. Ba kuma za ka ce bari in ajiye sai baɗi ba iyaka, don bishiyar tana ci gaba da girma, ta matse maƙwabtanta, ta wuce tsayin rufin ɗaki. Ƙananan manoma da yawa suka bar sana'ar, waɗanda suka rage suka rage dashe. Sai wajen 2017 abin ya juyo: ƙarancin dashen shekarun wahala ya zama ƙarancin bishiya, farashi ya tashi, 'yan jarida suna ta tambayar ina bishiyoyi suka shiga. Amsar tana cikin abin da ba a dasa ba a 2009 da 2010. Wannan hawa da sauka ya rage yawan manoma, gonakin da suka tsira kuma suka ƙara girma, don mai jari ne kaɗai ke iya jure shekaru biyar na asara.

Babbar kishiyar sana'ar ita ce ta robar da ka ambata. Mafi yawanta daga Chaina ake kawowa, kuma yau mafi yawan gidajen Amurka da ke kafa bishiya ta roba suke kafawa, tunda sau ɗaya za ka saya ka yi shekaru kana fito da ita daga kwali. Don su yi talla da murya ɗaya, manoma suka nemi a kafa hukumar da za ta riƙa karɓar santi 15 a kan kowace bishiya daga duk mai sayar da 500 ko fiye. Da aka sanar a 2011 'yan adawa suka yi ca, suka ce Shugaba Obama ya sa wa Kirsimeti haraji, gwamnati ta janye cikin gaggawa. Sai dokar noma ta 2014 ta dawo da tsarin. Abin dariyar shi ne manoman ne da kansu suka roƙi a riƙa cire musu kuɗin.

Abin da ya fi roba hana manomi barci, a nawa ganin, yana ƙarƙashin ƙasa. Akwai wata cuta mai ruɓar da saiwa, Phytophthora, wadda ke yaɗuwa ta ruwa a ƙasa mai riƙe damshi. Fraser ba ta da wata kariya daga gare ta. Bishiya takan yi ja ta bushe, kuma in cutar ta shiga fili takan zauna shekaru masu yawa, wato filin ya tashi daga na Fraser ke nan. Masu bincike a jami'ar jihar suna gwada yi wa Fraser aure da saiwar wata 'yar'uwarta ta Japan mai suna momi, wadda ke jure cutar, suna kuma gwada wasu nau'o'i daga Turkiyya. Auren yana yi, amma yana da tsada in za a yi wa dubbai. A tashar bincike ta Laurel Springs a gundumar Ashe kuma an kafa gonar iri daga zaɓaɓɓun bishiyoyi masu saurin girma da riƙe ganye, don ko shekara ɗaya aka rage a zagayen, kuɗi ne mai yawa. Ga kuma wani ƙwaro mai maƙalewa a ƙasan ganye, wanda ke sa wasu jihohi su mayar da mota guda in sun gan shi a kaya. Sannan ɗumamar yanayi: bishiyar tana bukatar sanyi ya kama ta kafin sara don ganyen ya zauna, kuma kaka mai ɗumi tana ɓata wannan. Filin kansa ma yana da masu zawarci, don masu kuɗi daga birane suna son gina gidajen hutu a kan duwatsun, kuma abin da za su biya magada a yini ɗaya ya fi abin da bishiya za ta kawo a shekaru.

A ranar 27 ga Satumba 2024 guguwar Helene ta sauke ruwan da ba a taɓa gani ba a yammacin North Carolina. Mutum fiye da 100 suka mutu a jihar, hanyoyi da gadoji suka karye, saura mako biyar a fara sara. Manyan bishiyoyin da ke kan tudu akasari sun tsira, aka gyara hanyoyi cikin gaggawa, kaya suka fita, har bishiyar White House ta shekarar ta fito daga wata gonar iyali a Newland, gundumar Avery, wadda ita ma zaftarewar ƙasa ta cinye mata dubban bishiyoyi. Ɓarnar da ta fi tsanani ta faɗa wa gonakin kwari da wuraren rainon dashe da ke bakin rafuka, ga kuma ruwan ambaliya da ke iya kai cutar saiwa filayen da a da ba su da ita. Dashen da ruwa ya tafi da shi a 2024 shi ne ya kamata a sare a farkon shekarun 2030, kuma a lokacin ne masu saye za su ji shi a farashi.